Yadda Hotunan Addini Suka Sauko Daga Bangon Coci Suka Shiga Adakar 'Yan Koli

Duk ɗan Arewan da ya daɗe a Ikko, ko Badun, ko Anaca, ko Fatakwal, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wani hoto ba: mutum 13 zaune a gefe guda na wani dogon tebur, na tsakiya ya shimfiɗa hannuwansa, sauran kuwa sun kasu uku-uku, kowa hankalinsa a tashe. Ana ganinsa a falon maƙwabta, da shagon aski, da jikin kalanda. Kirista na kiransa Jibin Ƙarshe, watau cin abinci na ƙarshe da Yesu Almasihu ya yi tare da almajiransa, bisa ga yadda Linjilarsu ta kawo.

Asalin wannan hoto ba a kan takarda yake ba. Leonardo da Vinci ne ya zana shi a jikin bangon ɗakin cin abinci na wani gidan masu ibada a birnin Milan na ƙasar Italiya, tsakanin 1495 da 1498, kuma tun yana da rai fentin ya soma ɓarewa. Bango dai ba ya tafiya. Waɗanda suka sa hoton ya zaga duniya su ne masu sassaƙa zane a kan allon jan ƙarfe su buga shi a takarda, musamman wani gwani mai suna Raffaello Morghen wanda ya fitar da nasa cikin 1800.

Sanin kowa ne malaman Musulunci ba su yarda da zana surar annabawa ba, shi ya sa adon masallaci da na Alƙur'ani ya tsaya ga rubutu da zayyana. Amma sanin asalin abin da maƙwabci ya rataya a ɗakinsa yana taimakon zaman tare. Daɗin daɗawa, labarin nan labari ne na maƙera, da 'yan koli, da masu barin gida neman abinci, har ma da wata takarda da ta iso kasuwar Kano.

TAKARDA CE TA BUƊE HANYA

Sinawa ne suka ƙago takarda. Musulmi suka koya daga gare su, suka kai sana'ar Samarƙandi da Bagadaza da Andalus, daga nan ta shiga Italiya. Cikin ƙarni na 13 garin Fabriano ya shahara da ita. Mutanensa suka riƙa amfani da ƙarfin ruwan kogi wajen dakan tsummoki, suka kuma soma sa tambari a cikin jikin takardar, irin wanda ba a gani sai an ɗaga ta wajen haske. Da takarda ta yi araha fiye da fata, sai talaka ya sami damar mallakar abin da a da sai coci da masu sarauta.

Tun farkon ƙarni na 15 aka soma buga ƙananan hotunan Nana Maryam da na waliyyan Kirista da katako. Masu ziyarar wuraren ibada su ke saye, a manna a ƙofa ko a murfin akwati, wasu ma su ɗinke a cikin riga don neman tsari daga annoba. Da yake kayan amfanin yau da kullum ne, yawancinsu sun lalace. Kaɗan da suka rage, sa'a ce ta tsirar da su. Alal misali, wani ma'aikacin shari'a ɗan garin Parma, Jacopo Rubieri, ya riƙa manna irin waɗannan hotuna a cikin littattafansa na shari'a, suna nan ajiye a wani ɗakin karatu a Ravenna. A garin Forli kuwa, ran 4 ga watan Fabrairu 1428, gobara ta cinye wata makaranta, amma hoton Maryam na takarda da ke manne a ciki bai ƙone ba. Mutanen garin suka ɗauki abin a matsayin mu'ujiza, suka kai hoton babban cocinsu, inda yake har wa yau. Cinikin ya yi ƙarfin da cikin 1441 masu wannan sana'a a birnin Venis suka kai kuka ga hukuma, aka hana shigo da hotunan bugu daga waje don kada su kashe musu kasuwa.

HANYOYI UKU NA BUGU

Hanya ta farko ita ce ta katako, kuma ba ta da bambanci da hatimi. A zana hoto a kan allo, a fere duk inda ba a so tawada ta taɓa, a shafa tawada a kan abin da ya rage, a danna takarda.

Hanya ta biyu daga maƙeran zinariya da azurfa ta fito. Mai aiki zai ɗauki wani ɗan ƙarfe mai tsini ya riƙa tura shi a kan allon jan ƙarfe yana yanka layuka, kamar yadda maƙeran Bida ke yi wa tire ado. Sa'an nan a cusa tawada cikin layukan, a goge saman allon tas, a ɗora jiƙaƙƙiyar takarda, a matse da inji. Takardar ce za ta zuƙo tawadar daga cikin ramukan. Marubucin nan Giorgio Vasari ya ce wani maƙerin birnin Fulorans, Maso Finiguerra, wanda ya rasu cikin 1464, shi ya gano wannan dabara, amma binciken baya ya nuna maƙeran Jamus sun riga shi.

Hanya ta uku ita ce wadda Italiyawa ke kira acquaforte, watau ruwa mai ƙarfi. A shafe allon jan ƙarfe da kaki, a yi zane a kai da allura kamar mai rubutu da alƙalami, sa'an nan a tsoma allon cikin wani ruwa mai cin ƙarfe, dangin ruwan batir. Inda allura ta kankare kakin, nan ruwan zai ci ya bar rami. Maƙeran sulke su suka fara amfani da wannan ruwa wajen yi wa kayan yaƙi ado. Amfaninsa shi ne, mai zane ba ya bukatar shekara da shekaru yana koyon ƙira kafin ya buga hotonsa da kansa.

IN DA RIBA, DA RIGIMA

Allo ɗaya na iya haifar da hoto ɗaruruwa, saboda haka wanda ya mallaki allo ya mallaki dukiya. Andrea Mantegna, mai zanen fadar Mantua, wanda hotunansa na Maryam rungume da jaririnta da na binne Almasihu suka zama abin koyi a Turai, ya gane wannan tun da wuri. Cikin 1475 ya ƙulla yarjejeniya da wani maƙeri, Gian Marco Cavalli, don ya sassaƙa masa zanensa, da sharaɗin kada ya nuna wa kowa, in kuwa ya saɓa zai biya tara mai nauyi. A wannan shekarar kuma wani mai sassaƙa, Simone Ardizzoni, ya rubuta wa sarkin Mantua takardar kuka cewa Mantegna ya sa an tare shi da abokin aikinsa an lakaɗa musu duka.

Rigimar da ta fi shahara ita ce ta Marcantonio Raimondi. Wannan saurayi ɗan Bologna ya ga hotunan tarihin rayuwar Maryam waɗanda Bajamushen nan Albrecht Durer ya buga da katako, sai ya kwafi 17 daga ciki a kan jan ƙarfe, har da alamar sunan mai su. Vasari ya ce Durer ya kai ƙara gaban hukumar Venis, amma abin da ya samu kawai shi ne a daina sa alamar sunansa, kwafi kuwa a ci gaba. Da Durer ya tattara hotunan cikin littafi a 1511, sai ya buga kashedi mai zafi ga ɓarayin wahalar wasu, ya kuma tuna musu Sarkin Sarakuna Maximilian ya ba shi kariya.

Shi kuwa Raphael, babban mai zanen fadar Paparoma, sai ya ga gara ya jawo Marcantonio a jiki. Ya riƙa ba shi zane yana sassaƙawa, wani yaronsa da ake kira Baviera yana kula da alluna da ciniki. Mafi shahara cikin aikinsu shi ne hoton kisan jarirai da Sarki Hirudus ya sa aka yi a Baitalami, inda ake ganin uwaye suna kokawa da sojoji. Raphael bai taɓa zana shi a bango ba, don takarda kawai ya tsara shi. Ta haka mutumin da bai taɓa taka birnin Rum ba ya san hannun Raphael.

FIR'AUNA A CIKIN TEKU

Ba duk hoton bugu ne ƙarami ba. Wajen 1515 Titian na Venis ya tsara hoton halakar Fir'auna da rundunarsa, labarin da Musulmi da Kirista duka suka sani. An sassaƙa shi a kan allunan katako 12, in aka haɗa takardun faɗinsa ya haura mita 2. Ruwa ne ya cinye yawancin filin. A hagu dawaki da mahaya na nutsewa, a dama Annabi Musa da Bani Isra'ila sun haye tudu, har da wata mace tana shayar da ɗanta.

Abin lura, sojojin Fir'auna sanye suke da sulken zamanin Titian, garin da ke bayansu kuma ya yi kama da garuruwan arewacin Turai, ba na Masar ba. Dalili kuwa, cikin 1508 manyan sarakunan Turai sun haɗa kai don yaƙar Venis, suka ci ta da yaƙi a Agnadello cikin 1509, ta rasa yawancin ƙasarta ta tudu, amma birnin kansa da ke tsakiyar ruwa ya tsira. Masana da yawa na ganin duk mutumin Venis da ya kalli hoton nan ya san su wa ake nufi da Fir'auna. Kofen da suka rage a yau na bugun 1549 ne.

RUWA MAI ƘARFI DA IDON COCI

Parmigianino, wanda ya rasu cikin 1540 yana da shekara 37, shi ne ɗan Italiya na farko da ya riƙi hanyar ruwa mai ƙarfi da gaske. Hotunansa na haihuwar Almasihu da na binne shi kamar zanen alƙalami suke, layuka sirara, ba nauyin hannun maƙeri. Bayansa sai Federico Barocci na garin Urbino, mutum mai fama da ciwon ciki wanda ba ya iya aiki sai 'yan sa'o'i kaɗan a yini. Alluna 4 kacal ya yi duk rayuwarsa, amma sun zama makaranta. Dabararsa ita ce ya tsoma allo, ya ciro, ya rufe wuraren da yake so su yi haske da kaki, ya sake tsomawa don sauran su ƙara zurfi. Ta haka ya sami haske da duhu hawa-hawa. A hotonsa na zuwan Mala'ika Jibrilu wurin Maryam da bushara, akwai kyanwa tana barci a gefe, ta taga kuma ana hango fadar Urbino. Watau ya kawo labarin cikin ɗaki irin na mutanen garinsu.

Zamanin Barocci zamani ne na tsanani. Tun 1517 Martin Luther ya ta da gardama da cocin Rum, wasu daga cikin waɗanda suka ɓalle kuma suka shiga farfasa gumaka da hotuna, suna cewa bautar gunki ce. Shugabannin Katolika suka yi babban taro a garin Trento daga 1545 zuwa 1563. A zamansu na ƙarshe suka yanke cewa a ci gaba da ajiye hotuna, domin girmamawar tana komawa ga wanda aka zana ne, amma ban da batsa, kuma kada a kafa baƙon hoto a coci sai da yardar bishop. Hukuncin ya hau kan hoton Ranar Hisabi da Michelangelo ya gama cikin 1541 a fadar Paparoma, wanda ke cike da mutane tsirara. Cikin 1565 aka sa Daniele da Volterra ya zana musu mayafi. Sai dai an makara, don masu sassaƙa irin su Giorgio Ghisi sun riga sun buga shi yadda yake, kofe ya watsu. Ana iya gyara bango ɗaya, amma ba a iya bin takarda gida-gida.

LINJILA DA LARABCI

Cikin 1584 Kadinal Ferdinando de' Medici ya kafa wata maɗaba'a a Rum don buga littattafai da harsunan Gabas. Ita ce ta buga littafin nahawun nan Ajuruma cikin 1592, wanda almajiran ilmi a ƙasar Hausa suka sani sarai, da littafin likitanci na Ibn Sina cikin 1593. Amma aikinta na farko shi ne Linjila da Larabci, tsakanin 1590 da 1591, ɗauke da hotunan katako 149 waɗanda Antonio Tempesta ya tsara. An yi fatan littafin zai shiga ƙasashen Larabawa, sai kasuwa ta ƙi, kofe suka yi ta zama jibge a ɗakin ajiya. Inda ya yi tasiri shi ne Habasha. Masu wa'azin Katolika suka kai shi can, masu zanen cocin Habasha na ƙarni na 17 suka ɗauki tsarin hotunan suka mai da su irin nasu, da launinsu da kamannin mutanensu.

HIJIRA ZUWA MASAR

Aikin da zai fi taɓa zuciyar wanda ke zaman baƙunci shi ne na Giandomenico Tiepolo. Shi kansa ɗan ci-rani ne sa'ad da ya yi shi. Cikin 1750 ya bi mahaifinsa da ƙanensa daga Venis zuwa garin Wurzburg na Jamus don aikin zanen wata fada, suka shekara 3 a can. Cikin 1753 ya fitar da jerin hotunan ruwa mai ƙarfi a kan gudun da Yusufu masassaƙi ya yi da Maryam da jaririnta zuwa Masar don tsere wa Hirudus.

Linjilar Matiyu ta ba da wannan labari cikin 'yan layuka kaɗan, amma Tiepolo ya fitar da hoto 24 daga ciki. Ga su suna sallama da mutanen gida. Ga su suna fita ta ƙofar gari da jakinsu da ɗan ƙunshin kaya. Ga su sun yada zango a gindin dabino, ga su suna shiga kwalekwale, mala'ika ne ke tuƙi, ga su suna wuce wani gunki kansa ya faɗi. A hotuna da dama bayansu kawai ake gani, sun kusa fita daga gefen takardar, kamar mutanen da ba su da lokacin tsayawa a kalle su. Babu kursiyi, babu kayan alfarma, sai hanya da gajiya da neman masauki. Wanda ya taɓa sauka a tashar mota ta baƙon gari da asuba, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, ba ya bukatar a yi masa fassarar waɗannan hotuna.

'YAN KOLIN TESINO

Hotunan su Barocci da Tiepolo na masu hali ne. Na talaka kuwa, gidan Remondini da ke garin Bassano ne ya riƙe kasuwarsu daga tsakiyar ƙarni na 17 har zuwa 1861. A lokacin da suke ganiyarsu, ma'aikatansu sun kai kimanin 1,000, suna buga hotunan waliyyai masu araha, a shafa musu launi da hannu. Kowace ƙasa da waliyyan da take so, da harshen da za a rubuta a ƙarƙashi.

Masu kai kayan su ne mutanen kwarin Tesino, wani yanki mai duwatsu inda noma ba ya ci da iyali. In kaka ta wuce sai maza su karɓi kaya bashi, sau da yawa su jinginar da gonakinsu, su goya akwatin katako a baya, su kama hanya a ƙasa. Mata su ke riƙe gida da gona. Wasu su dawo da bazara, wasu sai bayan shekaru, wasu kuwa ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Sun ratsa Jamus da Faransa da Sifen, sun kai Rasha, har sun haye zuwa nahiyar Amurka. Waɗanda Allah ya buɗa wa suka kafa kantuna, kamar iyalin Daziaro da suka yi suna a Mosko da San Fitasbag. A garin Pieve Tesino akwai gidan tarihi da aka keɓe don tunawa da su. Duk wanda ya san tarihin fataken goro tsakanin Kano da Gwanja ya san irin wannan rayuwa.

Allunan jan ƙarfen kuwa ba su salwanta duka ba. Cikin 1738 Paparoma Clement na 12 ya sayi tarin allunan gidan De Rossi, manyan masu buga hotuna na Rum, don kada a sayar da su waje. Wannan tari ya bunƙasa ya haura alluna 23,000, yana hannun gwamnatin Italiya a wani gini da ke jikin maɓuɓɓugar Trevi.

WATA UKU A KASUWAR KANO

Hotunan Remondini ba su yi kasuwa a ƙasar Hausa ba, amma takardar yankinsu ta yi. Masana'antun arewa maso gabashin Italiya sun daɗe suna yin wata takarda musamman don ƙasashen Musulmi, mai tambarin jinjirin wata guda 3 a jere, wadda ake kira tre lune. Cikin ƙarni na 19 gidan Galvani na Pordenone na cikin manyan masu yin ta. Daga Italiya sai Tarabulus da Masar, daga nan raƙuma su ratso Sahara da ita. Baturen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano cikin 1851, ya ambace ta cikin kayan da ake shigowa da su da yawa. Masu binciken tsofaffin littattafai sun tabbatar cewa ɗimbin Alƙur'anai da littattafan fiƙihu da waƙoƙin ajami na Sakkwato da Kano da Barno a kanta aka rubuta su.

Ke nan yankin da ya ba 'yan kolin Tesino takardar hotunansu, shi ne ya ba malaman Arewa takardar rubutunsu. Can aka buga mata sura, nan aka rubuta mata aya, kowa bisa ga abin da addininsa ya yarda da shi. Mai karatun da ke da tsohon Alƙur'anin gado rubutun hannu a gida, in Allah ya kai shi ganin gida da Salla, ya yi alwala ya ɗaga warƙa ɗaya a hankali wajen hasken rana. Ba mamaki ya ga jinjirin wata guda 3 a cikin jikinta.